Katako Shida na Ishaya Milimita

Sunansa na baftisma Ishaya, amma daga Unguwar Boro har Kakau, in ka ce kana neman Ishaya sai a tambaye ka wanne. Ka ce Milimita, ko mai faci a bakin titi zai nuna maka hanya. Shi kuwa ya jawo wa kansa sunan. Mutum ne da ba a yi masa barka da ruwa a rabu salin-alin. Ka ce, "Malam Ishaya, jiya an sha ruwa," sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Milimita goma sha bakwai da ɗigo huɗu." Haba bawan Allah, wa ya tambaye ka? Gaisuwa ce fa kawai.

A wani ƙauye bayan Zonkwa aka haife shi. Ya gama firamare a makarantar mishan, ya hau jirgin ƙasa a 1965 da akwatin kwano ɗaya, ya sauka Kaduna, Allah ya sa ya samu aiki a ofishin masu duba yanayi. Kada ku ɗauka wani babba ne. Aikinsa shi ne kullum ƙarfe goma na safe ya fita fili, inda aka kafa wani dogon gwangwani mai mazurari a baki, ya juye ruwan saman da ya taru cikin wata kwalba mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da ruwan, ya rubuta abin da ya gani. In ba a yi ruwa ba ya rubuta sifili. Shekara goma sha tara yana wannan, bai taɓa rubuta lamba daga kan kujera ba. Ko tsakiyar rani ne sai ya je ya leƙa gwangwanin tukuna. Abokan aiki suna yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

A 1984, shekarar da aka yi ta sallamar ma'aikata, sunansa ya fito a jerin. Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, wani tsohon ma'auni da ya lotse a gefe aka jefar a sito. Ogansa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya ɗauka. Ya ɗaure shi a bayan keke ya kawo gida Unguwar Boro.

Matarsa Naomi ta fito daga madafa, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Baban Deborah, mazan mutane suna dawowa da buhun shinkafa, kai ka dawo min da gwangwani?"

Ya ce, "Ba gwangwani ba ne, ma'auni ne."

Ta ce, "To da manja za a dafa shi ko da man gyaɗa?"

Haka Naomi take. Gajeriya ce, bakinta da kaifi, hannunta ba ya zama. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Deborah, wadda ke aiki a masaƙa a Kakuri. Naomi ta gama yi masa tsiya ranar nan, ta ɗauko toka da tsumma ta goge gwangwanin har ya yi ƙyalli.

Abin da ya rufa musu asiri shi ne wani ƙaramin dam a bayan Kakau. Masu aikin titi ne suka bar shi. Kafin su kwashe motocinsu sun tura ƙasa sun tare wani rafi, suka zuba siminti a gefe ɗaya suka yi ƙofar da ruwa zai riƙa fita in ya yi yawa. Gbagyin wurin suka ba da filin da ke ƙasan dam ɗin, gida talatin da ɗaya suka haɗa ƙungiya suna noman rani: waɗanda aka sallama irin su Ishaya, 'yan fansho, gwauraye mata, da wasu da har yanzu ke aiki a masaƙa. Naomi ta samu fangali goma sha biyu, ta zuba tumatir da tattasai da alayyafo. Ishaya ya kafa ma'auninsa a bakin dam, suka yi 'yar bukka kusa da shi. Kullum da asuba ya ɗauko ta a bayan keke, tana riƙe da rigarsa tana yi masa faɗan ramuka. Har coci ma suka koma na Kakau, wani ɗan ginin laka mai rufin kwano, don ya fi kusa da ma'aunin. Ranar Lahadi, goma saura biyar, ko fasto ya kai tsakiyar wa'azi, sai Ishaya ya miƙe ya sulale. Daga can cikin layin Zumuntar Mata sai ka ji Naomi ta yi gyaran murya, irin wanda ake yi wa yaro in ya sa hannu a miya. Coci ya ɗauki murmushi. Shi kuwa sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya sosa ƙeya, ya fita abinsa.

To, ga yadda dam ɗin yake aiki, don a nan maganar take. Ƙofar simintin nan tana da tsagi dama da hagu, inda ake zura katako shida na maɗaci, ɗaya bisa ɗaya. Da damina ba a sa su, a bar ruwa ya yi ta wucewa kada ya fi ƙarfin ganuwar ƙasa. In damina ta zo ƙarshe sai a zura su, ruwan ƙarshe ya taru a bayansu. Ruwan da katakon nan shida ke tarewa shi ne rabin dam ɗin, shi ke kai lambu har watan Afrilu. In rani ya ƙare, ruwa ya ja baya, sai a zare su a watan Mayu. Ranar sa katako kuwa ɗaya ga Oktoba ce, ba ta gaba ba ta baya. Ba wani malamin ruwa ne ya zaɓi ranar ba. Ita ce ranar hutun da kowa ke samu, har 'yan masaƙa. Ta zama biki. Mata su dafa gwate da shinkafa, fasto ya yi addu'a, wasu dattawa su zagaya bayan ɗorawa da ƙwaryar burkutu wai suna duba iyakar gona. Ciyaman na ƙungiya, Shekari, wani ƙato mai murya wanda ke shugabantar ma'aikata a masaƙa, shi ke zura katako na farko.

A watan Yulin 1987 wani tsohon abokin aikin Ishaya ya zo a kan Basfa daga Barnawa. George sunansa, mutumin Benuwai, ya yi karatu ya wuce Ishaya nesa ba kusa ba, amma har lokacin Oga yake ce masa, don shi ya koya masa durƙuso gaban kwalba. Ya zaro wata takarda mai shuɗin tawada. Ya ce masana sun fara wani sabon abu, suna duba zafin ruwan teku da tafiyar iska, su yi hasashen ko damina za ta yi kauri ko za ta yi ƙaranci. Ya ce, "Ba Linjila ba ce, Oga, hasashe ne. Amma sun ce bana ruwa zai yi kaɗan, kuma zai iya ɗaukewa da wuri."

Ishaya ya buɗe littafin awonsa, ya jera Yunin bana kusa da na shekarun baya, ya ga magana ɗaya suke yi da takardar. Ranar Asabar ya tsaya gaban ƙungiya a gindin ɗorawa, ya ce a sa katako tun tsakiyar Agusta.

Shekari ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Malam Ishaya, tekun da ke Legas ne zai gaya mana ranar sa katako a Kakau? Shi ma yana da fangali a nan?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce in aka sa katako a Agusta, wa zai ba su hutu, kuma me za a ci ranar ɗaya ga Oktoba? Ishaya ya ɗaga takardar yana ta lissafo milimita, ba mai sauraro. Naomi kaɗai ta miƙe ta ce, "Mutumin nan shekara ashirin yana leƙen gwangwani. In bai san komai ba, ya san ruwa." Aka ce to, matar mutum ai dole ta goyi bayansa. Katakon suna kulle a ɗakin ajiyar ƙungiya, makulli yana aljihun Shekari. Aka tashi taro.

Duk watan Agusta Ishaya yana tsayawa a kan ganuwa yana kallon ruwa yana fita ta ƙofar nan ja wur, yana cewa a ransa, ga ruwan Fabrairu can yana tafiya. Ranar sha ɗaya ga Satumba aka yi ruwan ƙarshe. Daga nan sifili, sifili, sifili. Ɗaya ga Oktoba aka zo, aka dafa gwate, aka yi addu'a, aka zura katako shida a ƙofar da ruwa bai ko taɓa gindinta ba. Ranar nan ba wanda ya haɗa ido da Ishaya.

Kafin ƙarshen Janairu dam ya koma taɓo, a Fabrairu taɓon ya dare. Mutane suka riƙa barin lambunsu ɗaya bayan ɗaya. Naomi ta ce ita ba ta san wannan ba. Tumatir ɗinta ya fara fure, ta ce ba za ta tsaya tana kallo ya ƙone ba. Ta tona rami a tsakiyar dam, ya riƙa tsatso mata ruwa bokiti huɗu a yini. Da ramin ya ƙafe ta koma wani kwari mai nisan fiye da mil ɗaya, inda shanu ke sha. Ishaya yana ɗauko jarka biyu a keke, ita tana biye da bokiti a kan gammo, sahu takwas, sahu goma, cikin zafin watan Maris. Ya ce mata, "Maman Deborah, ki bari haka nan, tumatir ne fa." Ta ce, "Kai ka bar gwangwaninka?" In ƙishi ya kama ta a hanya ba ta jira a tafasa, sai ta kamfata da tafin hannu ta sha.

Zazzaɓi ya kama ta mako biyu kafin Ista. Ta ce gajiya ce, ta sha sassaƙe, ta ci gaba. Da ta kasa tashi aka kai ta asibiti, aka ce taifot ne, kuma ya ci jiki. Ranar Laraba bayan Ista, da hantsi, Naomi ta cika, Deborah tana riƙe da hannunta. Kayya! Matar da ta cika gida da magana ta tafi ba ta ce komai ba. Aka kai ta gida ƙauye aka binne. A littafin awon Ishaya layi huɗu ne babu rubutu, su ne kaɗai tun da ya fara aiki. Ranar da ya dawo Kakau ya tarar an yi ruwan fari, milimita tara a cikin gwangwani. Ya rubuta, ya zauna a ƙasa gaban ma'aunin ya yi kuka irin wanda bai yi a bakin kabari ba.

'Yan ƙungiya suka zo gaisuwa Unguwar Boro. Shekari ya zauna a kan tabarma, ƙaton nan ya koma ɗan mitsitsi. Da ƙyar ya ce, "Malam Ishaya, mun yi maka laifi, mun yi wa marigayiya. Daga yau katako naka ne. Ranar da ka ce a sa, a sa. Ranar da ka ce a cire, a cire. Ba mai sake cewa uffan." Ya ajiye makullin ɗakin ajiya a gabansa. Ishaya ya ce ba komai, Allah ya yafe mana duka. Kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Watan Mayu ya zo, lokacin zare katako. Suna nan a ƙofa tun Oktoban bara, a bushe, mutum biyu za su zare su kafin a sha kunu. Ishaya ya je da niyyar haka. Ya tsaya a kan ganuwa ya dubi ƙasan dam. Ramin da Naomi ta tona yana nan, ga sawun ƙafarta ya bushe a cikin taɓo, ɗan ƙarami, yatsu a warwatse, daga ramin zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa ramin. Ya ce a ransa, bari dai ruwa ya ɗan taru ya rufe wannan tukuna. Ya hau kekensa ya koma gida.

A watan Yuni Basfar George ta sake tsayawa a bakin bukka. Ya yi masa gaisuwar rashi, sannan ya zaro takardar bana. Ya ce, "Oga, wannan karon labari ya juya. Sun ce ruwa zai yi yawa, musamman Agusta." Ya waiga ya ga ƙofar dam, ya ɓata fuska. "A'a, katako har yanzu? Abeg, Oga, ka cire su tun ruwa bai kama su ba."

Ishaya ya ce, "Na ji."

Ya ninke takardar huɗu ya cusa a bangon littafin awo. Ba wai bai yarda da ita ba. Ya yarda sarai. Littafinsa ma ya fara faɗin abin da ta faɗa, Yunin bana ya ninka na bara. Amma duk sanda ya tuna hannunsa ne zai buɗe ƙofar nan ruwa ya wuce, sai ya ga Naomi da bokiti a ka, jijiyar wuyanta ta miƙe. Hasashe ne, in ji George da bakinsa, ba Linjila ba. In ya zare katako, ruwa ya sake ɗaukewa a Satumba fa? Matar wa za a binne baɗi?

Bayan kwana uku Shekari ya tarar da shi a bakin ma'auni. Ya tambaye shi da ladabi, ba da tsiya irin ta bara ba, "Malam Ishaya, takardar teku ta zo kuwa?"

Ishaya yana durƙushe, idonsa a kan kwalba. Ya ce, "Ba ta zo ba tukuna."

Wayyo Ishaya. Mutumin da bai taɓa ƙara ɗigo ɗaya a kan lamba ba, ga shi ya yi ƙarya tsirararta, da takardar a ƙarƙashin hammatarsa. Shekari ya dubi katakon, ya buɗe baki, ya tuna alkawarin da ya yi a kan tabarma, ya rufe. Duk ƙungiyar haka suka yi. Kowa ya ga katako a ƙofa tsakiyar damina, kowa ya san ba a taɓa yin haka ba, amma wa zai je ya yi wa mijin Naomi gardama a kan ruwa? Suka ce ai shi ya sani.

Ruwa ya rufe ramin, ya rufe sawun. A farkon Yuli ya taɓa katako na ɗaya. Ishaya ya ce in ya kai na uku zai kira mutane a zare. Ya kai na uku ranar wata Talata. Ya ce to na huɗu. Kullum da safe ya auna ruwan sama ya rubuta daidai, ya san abin da lambobin ke nufi, ya rufe littafi ya je ya zauna a kan ganuwa. Dam ɗin bai taɓa kyau irin na shekarar nan ba. Ya shimfiɗu har gindin ɗorawa, balbelu sun cika gaɓa, kifi yana tsalle. Wani lokaci in ba kowa sai ya ce a hankali, "Maman Deborah, kin gani? Ya kusa cika."

A makon farko na Agusta ruwa yana kan katako na biyar. Ranar nan ya tsorata, ya yanke cewa gobe zai tara maza. Sai ga Deborah ta zo daga Kakuri ta kawo masa abinci. Ta tsaya kusa da shi a kan ganuwa, ta daɗe tana kallo, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Baba, da Mama ta ga wannan." Gobe ta zo bai tara kowa ba.

Ranar wata Alhamis, bayan tsakiyar Agusta, yana gama awon ƙarfe goma hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba. Ishaya yana bakin bukka yana kallon rafin da ke shigowa dam ya zama kogi. Kafin ƙarfe biyu ruwa ya haye katako na shida yana zuba ta sama, amma abin da ke shigowa ya ninka abin da ke fita. Tsakanin ruwa da saman ganuwa bai fi taƙi ɗaya ba. Ya ɗauki ƙarfen haƙa ya ruga.

Shekari yana hutu ranar, ya zo duba masararsa, ruwa ya tsare shi da wasu maza uku. Suka ji ihun Ishaya suka zo. Suka sa ƙarfe a ƙarƙashin katakon sama, maza biyar suka danna. Ko motsi. Maɗacin nan ya yi makonni yana shan ruwa, ya kumbura ya cika tsagi gam, ga nauyin dukan dam ɗin a bayansa. Katako a bushe ake zare shi, ko yaron Kakau ya san wannan, balle Ishaya. Aka kawo gatari. Ishaya ya shiga ruwa har ƙirji, an ɗaura masa igiya a ƙugu, yana sara yana kiran sunan Yesu. Sun fi rabin awa kafin katako ɗaya ya tsage, ruwa ya fizge shi ya tafi da shi. Saura biyar.

Sai suka ji muryar Asabe, wata gwauruwa mai shinkafa a ƙasan dam, tana kururuwa daga wajen ɗorawa cewa ruwa ya haye ganuwa. Suka ɗaga kai. Can inda ƙasar ta fi kwari ruwa yana malala ta sama, siriri, yana cin bayan ganuwar. Ishaya ya yar da gatarin. Ya bi gaɓa a guje, tsoho ɗan hamsin da wani abu, ba takalmi, yana ihu kowa ya hau tudu, kowa ya bar gona. Mata biyu suka fito daga cikin shinkafa, wani ya saki akuyarsa ya gudu. Allah ya sa ba a rasa rai ba.

Ganuwar ba ta yi wata ƙara ba. Zamewa ta yi, ta buɗe baki mai faɗin babbar mota, ruwan shekara guda ya bi ta ciki. Ya kwashe masara da shinkafa da bukkoki, ya kwashe baƙar ƙasar da aka yi shekaru ana zuba wa taki, ya bar yashi da tsakuwa. Kafin la'asar ta yi sanyi dam ya tafi. Ƙofar siminti kuwa tana nan tsaye ƙyam, da katakonta biyar a jere, ba abin da ya same su.

Washegari ƙarfe goma ya je ya durƙusa gaban kwalba. Sai da ya juye ta sau da yawa kafin gwangwanin ya ƙare. Milimita ɗari da ashirin da ɗaya. Ya rubuta. A gefen shafin akwai wurin da ake ƙarin bayani, inda ya saba sa "iska mai ƙarfi" ko "ƙanƙara". Ya rubuta kalma biyu: Na sani.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda mutane suka yi ta ba shi haƙuri. Aka ce ikon Allah ne, ruwan bana ya yi ɓarna a wuraren da suka fi nan. Shekari ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kada ka sa wa ranka, Malam Ishaya. Da takardar ta zo da ka gaya mana." George ya zo sau ɗaya, ya tsaya ya dubi ɓarakar, ya dubi katakon, ya dubi Ogansa. Ya tada Basfarsa ya tafi. Aka nemi motar tura ƙasa, masu aikin titi sun daɗe da barin yankin, kuma gyaran ya fi ƙarfin gida talatin da ɗaya. Ishaya ya rame, abinci ya daina shiga.

Ɗaya ga Oktoba mutane suka taru a gindin ɗorawa, don ƙafa ta saba. Ba a dafa komai ba. Shekari ya ce tunda an zo, a zare katakon da suka rage a ba coci. Rana ta busar da su, wani saurayi ya zare su ɗaya bayan ɗaya shi kaɗai, da hannu, ba ko nishi. Ishaya yana kallo. Da aka ajiye na biyar a ƙasa sai ya miƙe, ya buɗe littafinsa, ya zaro takardar nan mai ninki huɗu. Ya ce, "Jama'a, takardar ta zo. Tun sha huɗu ga Yuni take hannuna." Ya karanta ta daga farko har ƙarshe, yana fassarawa da Hausa, bai tsallake layi ba. Ya ce, "An ce in cire katako. Na ƙi. Ciyaman ya tambaye ni, na yi masa ƙarya. Ba ruwa ne ya karya dam ɗinku ba, ni ne."

Ya tsaya yana jiran zagi, ya ma fi son a zage shi. Shekari ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Can sai Asabe, wadda ba ta tsira da ko tiya ɗaya ta shinkafa ba, ta ce, "Saboda Naomi ne?"

Ya ɗaga kai alamar e.

Ta ce, "Haba Malam Ishaya. Mu ma fa tamu ce. Da ka faɗa mana, da mun zo mun taya ka kuka, mu cire katakon tare."

Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu suka yi masa sai an jima, wasu ba su iya ba. A ranin nan ba a yi lambu ba, na bayansa ma haka. Asabe ta koma wajen ɗanta a Kafanchan. Wasu suka shiga dako a kasuwa, wasu suka koma ƙauye. Ƙungiyar ta watse ba tare da an ce an rushe ta ba.

Katakon biyar kafinta ya yi musu ƙafafu suka zama benci a cocin Kakau. Deborah ta yi ta roƙon ubanta ya daina wahalar da kansa a kan keke, ya dawo cocin Unguwar Boro. Ya ƙi. Har ƙarshen 1989 yana zuwa kullum, yana auna ruwan da in ya sauka sai ya bi rafi ya wuce ta ɓarakar nan ya yi tafiyarsa. Takardar George ta shekarar ta zo ta hannun wani direba. Ya karanta ta, ya je ya manna ta a ƙofar coci da ƙusa, inda kowa zai gani, ko da yake babu sauran katakon da za a sa ko a cire.

Ranar Lahadi yana zama a kan ɗaya daga cikin bencin nan, na baya. Goma saura biyar ya miƙe kamar kullum. Yanzu ba mai murmushi, mutane sai su kau da kai su ba shi hanya. In ya kai bakin ƙofa sai ya ɗan tsaya, kunnensa yana wajen layin Zumuntar Mata. Ya jira kaɗan. Sannan ya sa littafinsa a hammata ya fita.